Ɓangaren da Tavion Ba Ya Gani

Shekara uku ina tsaye a hagun Tavion Guidry a filin wasa, kuma sau biyu kacal aka taɓa kayar da shi ta wajena. Shi ne mai jefa mana ƙwallo a kulob ɗin jami'a, irin wasan nan da ake jefa ƙwallo da hannu ana kayar da mai riƙe da ita. Da hannun dama yake jifa, don haka duk lokacin da ya ja baya zai yi jifa ya ba hagu baya ke nan, ba ya ganin ƙaton da ke taho masa daga can. Aikina shi ne in tare wannan ƙaton. Sunana Lamont Arceneaux, amma Tavion bai taɓa wahalar da bakinsa da shi ba, Katanga yake ce min.

Ɗakinmu ɗaya tun shekarar farko. Kakarsa ce ta raine shi, ta rasu muna aji biyu, daga nan ya koma ɗan gidanmu. Duk Litinin mukan tuƙa minti arba'in mu je cin shinkafa da jan wake wajen mahaifiyata, Mama Odile. Shi siriri ne kamar sanda, amma ya fi ni loma, kuma har ya samu bakin yi min gori.

Da muka gama kakar wasa ta uku, kowannenmu ya tura sunansa ga kwamitin manyan kulob, su da ke gaya wa ɗan wasa ko ya isa ya bar makaranta ya shiga zaɓen ƙwararru. A teburin Mama muka buɗe amsar. Tawa da tasa duk magana ɗaya ce, wai mu koma mu ƙara shekara guda.

"To shi ke nan," in ji Tavion. "Mu tsaya mu ci kofi. Ka tsare min baya, ni kuma in sa a san da kai. Ka yarda, Katanga?"

"Na yarda mana. Wa zai iya da kai in ba ni ba?"

Muka tafa. Sai ya juya wajen Mama, muryarsa ta ɗan yi ƙasa. A wasan gida na ƙarshe ana kiran 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tako tsakiyar fili da iyayensa a gaban jama'a. Shi ba shi da wanda zai taka da shi.

"Mama, ranar za ki raka ni?"

"Ji min yaro da tambaya! Hannu biyu gare ni, ɗaya naka ɗaya nasa." A satin ta je ta sayo doguwar riga koriya, kalar makarantarmu, ta rataye ta da ledarta.

Bayan sati biyu wani dillalin 'yan wasa ya gayyace ni cin abinci. Ya ce 'yan kwamitin nan tsoro ne ya yi musu yawa, shi ya ji da kunnensa ba za a wuce zagaye na uku na zaɓen ba wani kulob zai ɗauke ni. Ya ce idan na tsaya gwiwata ta tashi aiki, wa zai tuna da ni? Bakinsa ya yi min daɗi, kaina ya kumbura. Na cike takardar barin makaranta ban gaya wa kowa ba. A waya Tavion ya ga labarin, kamar kowane baƙo.

Akan ba mutum kwana uku ya janye sunansa. A rana ta biyu ya same ni a gida ina wanke mota.

"Kai, ƙaton banza, da gaske ne?"

"Saboda Mama na yi. Ka ga dai yadda ƙafafunta ke kumbura a wurin aiki."

Ashe tana bakin ƙofa. "Kada ka kuskura ka sa ni a ciki, Lamont. Ni ban aike ka ba."

Gaskiyarta. Ba don ita na yi ba, so nake in ji an kira sunana a talabijin. Tavion ya ce saura kwana ɗaya, in yi tunani. Na ce masa kowa ya ji da kansa. Har yau in na tuna wannan kalma sai in ji kunya ta rufe ni.

A ƙarshen Afrilu aka yi zaɓen. Muka cika falo da dangi, aka dafa miyar gumbo tukunya biyu. Zagaye na uku ya wuce, na huɗu ya wuce, dangi suka fara sulalewa. Sai a na shida wayata ta yi ƙara, wani kulob ya ɗauke ni. Na tafi wani gari mai sanyi a arewa, na yi wata huɗu ina zufa, ƙarshen Agusta suka sallame ni. Makaranta kuwa ba ta karɓar wanda ya riga ya fita. Na dawo ɗakina na yarinta, na kama aikin lodi a wani sito.

Wata Asabar a Oktoba muna kallon wasan makarantarmu ni da Mama. An sa Hollis a gurbina, mutum mai ƙoƙari, amma duk rayuwarsa a dama ya yi wasa. Ƙaton da ke gabansa na san shi sarai. Yakan yi kamar zai bi ta waje sai ya kutsa ta ciki, bara sau huɗu ya gwada min ina tare shi. Tun kafin ya motsa na ga abin da zai yi. Na miƙe ina ihu, "Hagu! Tavion, hagu!" kamar zai ji ni daga falonmu.

Tavion ya faɗi a kan kafaɗar da yake jifa da ita, ƙaton ya danne shi. Likitoci suka ce ya gama jefa ƙwallo.

Mama ta yi ta zarya asibiti da kwanukan abinci. Ni ban je ba. Sau uku ina isa wajen ajiye motoci ina juyowa.

Ranar wasan gida na ƙarshe na fito na tarar da ita cikin koriyar rigar nan.

"Ina zuwa haka, Mama?"

"Alkawari na yi, ni kuma ban janye ba. Ɗauko makulli ka kai ni."

Na sayi tikiti kamar kowa, na zauna can sama. Aka kira, "Tavion Guidry, tare da Odile Arceneaux." Suka tako a hankali, hannunsa na dama a rataye a wuya, Mama ta riƙe na hagun. Ɗaya hannun nata ba kowa. Jama'a suka miƙe suna tafi, ni kuwa kuka nake yi, wani tsoho a gefena yana miƙo min takardar goge baki.

Bayan wasa suka same ni a jikin mota. Tavion ya dube ni sama da ƙasa.

"Katanga, ka rame. Ba sa ba ku abinci a can ne?"

"Tavion, ka yafe min. Da ina nan..."

"Bari kawai. Hollis ya yi iya yinsa." Ya gyara igiyar da ke wuyansa. "Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Koci ya nuna min bidiyon. Ina da lokacin da zan kauce, amma ko waigawa ban yi ba. Shekara uku ban taɓa duba hagu ba. Na manta ba kai ba ne a wurin."

Na ciro makullin mota. Mama ta buɗe masa ƙofar gaba, ni na tuƙa mu zuwa gida.