Gwiwar Baba Direba

Ta ɗora kan na'urar leza a gwiwarsa ta dama, ta danna, jan haske ya zauna a fatar. Minti takwas. Zuwansa na biyar ke nan sashen gashin ƙashi, kuma shi ne mutum na goma sha ɗaya da ta gani tun safe.

"Baba, kana jin wani abu?"

"Ko ɗis, Likita. Wannan injin naku ko sauro ya fi shi aiki."

Ba likita ba ce, amma ta daina gyara wa mutane. Ta bi layin gwiwar a hankali. Babu kumburi, babu zafi. Tun zuwan farko haka take, gwiwa lafiya lau, ita kuwa tana haska ta saboda takardar da kamfanin bas ɗinsu ya aiko ta ce dama.

Na'urar ta yi ƙara. Ya sauko daga gadon, sai ta ga da ƙafar dama ya fara taka ƙasa, ya jingina nauyinsa duka a kanta, sannan ya jawo ta hagu da hannu kamar kayan wani. Ta tuna haka ya yi ranar Litinin. Haka ya yi makon jiya ma.

"Baba, koma ka zauna. Naɗe ɗaya ƙafar wandon."

Bai motsa ba. Daga baya ya naɗe. Gwiwar ta kumbura har ƙashin ya ɓace. Da ta taɓa, ya ja iska ta haƙora.

"Me ya sa?"

"Ta kuloci ce, 'yata." Ya yi ƙasa da murya. "Ciwon dama, mako biyu ake ba mutum ya dawo. Suna ganin kamar tsamin taka mai ne. Amma in aka rubuta hagu, an gama da kai. Ba a ba mai ciwon hagu babbar mota. Shekara ashirin da shida ina jan ta."

"To hasken da nake yi maka fa?"

"Na ce ko jini zai kai mata shi. Ai jikin ɗaya ne."

Ya yi 'yar dariya. Ita ba ta yi ba.

"Mutum nawa kake ɗauka?"

"Hamsin da huɗu. Ban da na tsaye."

"In gwiwar ta riƙe maka a gangara fa?"

"Ba ta taɓa yi ba." Ya kalli bango. "Sau ɗaya."

Ta sake kunna na'urar, ta ɗora a hagu. A waje wata mata tana faɗa a kan layi. Minti takwas ɗin suka cika, ta kashe na'urar.

Ta zauna a tebur ta jawo takardar da zai mayar wa kamfani. Gurbin rubuta gwiwar da ke ciwo ƙarami ne, kalma ɗaya yake ci. Ta jira ta ji tausayi ko tsoro, ba ta ji komai ba, sai yunwa kaɗan. Ta rubuta hagu, ta sa hannu, ta liƙe ambulan.

Ya karɓa da hannu biyu, ya saka a aljihun gaba ya shafa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Na san ba za ki tona ni ba."

"Amin, Baba. Ka dawo Alhamis."

Ta canza zanin gadon, ta leƙa ƙofa.

"Na gaba."