Tagar da Kafinta Ya Rufe

"Nan ɗin dai kuma?" in ji Kafinta, ya ɗago kai daga littafin. "Haba Direba, jiya ma nan ka tsayar da ni."

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Direba baki ya ɗauke, hannun dama kaɗai ke motsi. Da shi ya danne shafin.

Littafin nasa ne, ya tsufa tare da shi a gaban babbar mota, bangonsa duk baƙin mai. Labarin wani dattijo ne da ke jiran ajali a ɗaki, yana ta tambayar kansa me ya zo yi duniya. Kafinta, maƙwabcinsa na ɗakin ƙasa, bai yi wani boko mai zurfi ba, da yatsa yake bin layi. Sun kai ƙarshe sun dawo farko, amma kullum a shafin nan hannun ke sauka.

'Yar Direba ta shigo da kofin magani. "Baba Kafinta, don Allah ku bar littafin nan. Ba komai a cikinsa sai mutuwa."

"Ni na zaɓa? Ubanki ne, taurin kai ko a kwance."

Ya sake bin layin a hankali. Dattijon cikin littafi yana roƙon a buɗe masa taga, ba wanda ya kula shi. Kafinta ya ɗago kai. Ya dubi idon Direba, ya bi inda idon ke kallo: tagar ɗakin, da katakon da shi da kansa ya buga mata ranar da aka dawo da maras lafiya daga asibiti, wai don kada sanyi ya shigo.

Ya sauka ƙasa, ya dawo da guduma.

"Baba, likita fa ya ce iska..."

"Likita ya taɓa wuni a ɗakin nan? Matsa, 'yata."

Ƙusoshi suka fito suna kuka. Da katakon ya faɗi, ba titi, ba bishiya. Bangon sabon bene ne ya tokare tagar, in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Can sama kawai ake hango ɗan tsagin sarari.

"To ga abin da kake ta nema," in ji Kafinta. "Bango."

Amma ƙarar titi ta shigo. Can nesa wata babbar mota na hawan tudu da kaya, injin na gurnani. Hannun Direba ya saki littafin, ya dunƙule a kan bargo, ya ja baya kaɗan daidai lokacin da motar ta canja giya.

Kafin la'asar, Direba ya cika.

Da aka fita da shi, Kafinta ya hau ɗauko gudumarsa. Littafin na nan a kan gado, iskar da ke shigowa ta taga tana juya shafukansa ɗaya bayan ɗaya.