Injin Da Ba Shi Da Rasit

Injin ɗinkin takalma nake so, kuma na san inda yake: yana ɗakin ajiya a gidan marigayi maigidana da ya koya mini sana'a, an lulluɓe shi da tsohon labule. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce za ta bar mini shi a farashin gida. Ga wata makaranta ta ce in zan iya takalma ƙafa ɗari uku kafin a dawo hutu, aikin nawa ne. Da hannu kuwa, ko yatsuna za su gutsire ba zan gama ba.

Ba na taɓa bashin ruwa, shi ya sa na nufi bankin Musulunci. A bango sun manna hoton wani maƙeri yana washe baki, wai masu ƙananan sana'o'i ne ke ɗaga ƙasa. Na ce to, ga ɗaya ya kawo kansa.

Jami'in, wani siriri mai tabarau, ya ce ba sa ba da kuɗi a hannu. Su za su sayi injin, ya zama nasu, sannan su sayar mini da ribar da muka amince, in riƙa biya a hankali. Wallahi tsarin ya kwanta mini.

"Sai ka kawo rasit ɗin injin, Malam."

"Yallaɓai, injin nan ya girme ka. Wane rasit?"

"Ba ma sayar da abin da ba mu tabbatar ya zama namu ba. Ƙa'ida ce."

Inna ta zazzage akwatunan marigayi kaf, ba rasit. Na kai takardar shaida da dangwalen yatsanta, suka ce sai hatimi. Na samo hatimin ƙungiyarmu ta masu ɗinkin takalma, suka ce kwamiti zai zauna. Ban taɓa ganin mutanen da zama ke yi wa wuya irin kwamitin nan ba. Sati bakwai ina sintiri, har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don da mugaye ne da na zage su na huta.

Ran da aka koma makaranta ina bakin shago, yara suka wuce reras da takalman roba na waje. Shugabar makarantar ta gaji da jirana ta janye aikin, ban kuma ga laifinta ba.

Da hantsi jami'in ya kira.

"Albishirinka, Malam, an amince. Abu ɗaya ya rage. Ka taho da takardar kwangilar makarantar nan, mu ga ta inda za ka biya."