Kundin Baba a Bayan na Dogo

Tun ranar da likita ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganin Baba, abin da ya saura sai lallaɓawa, tsohon ya daina zancen komai sai kundinsa. Kundin kammala kwalejin fasaha ne da ya rubuta shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, a kan yadda ake hana rijiya rufzawa a ƙasa mai yashi. Nasa kwafin gara ta yi wasoso da shi tun da daɗewa, bai kuma taɓa damuwa ba. Yanzu da ido ya fara sallama, sai ya ce yana so ya ga sunansa a jikin takardar nan sau ɗaya kafin ganin ya tafi gaba ɗaya.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ke zaune da shi, saboda haka ita ke shan wannan karatu safe da yamma. Yayyenta daga nesa suke turo shawara ta waya, kuma ba abin da ya kai shawarar nesa araha. Babban yayan ya ce ta je kwalejin da kanta, ya manta tafiyar kwana biyu ce, ya manta kuma ba mai ɗiga wa Baba magani in ta tafi.

Shagon ɗinkinta yana kallon ɗakin karatu na unguwar, ɗakuna biyu a saman gidan waya. Shekara shida tana ganin ƙofar, ba ta taɓa taka matakalar ba. Ranar nan dai ta rufe keke ta hau. Ta tarar da fanka tana juyawa da ƙyar, tsofaffi huɗu sun dafe jaridu, ga kuma mai kula da wurin a bayan tebur, wata gajeriyar mace da duk unguwa ke kira Anti Shiru, don kalmar ba ta rabuwa da bakinta.

Auta ta yi bayani ƙasa-ƙasa, tana jin kunyar abin da ta zo nema. Anti Shiru ta saurara har ƙarshe.

“Mu ba mu da shi,” ta ce, “amma muna da maƙwabta. Ke in zarenki ya ƙare ba kya leƙa shagon gaba? To mu ma haka muke, sai dai namu maƙwabtan wani yana can ƙarshen ƙasa. Zan tura musu, in yana nan su aiko mana aro.”

“Haka kawai, Anti? Ba su san mu ba fa.”

“Ba sai sun san ki ba. Gobe su ma za su nema a wurinmu. Cika wannan fom ɗin.”

Auta ta sauko da murna, har ta yi azarɓaɓin gaya wa Baba. Bayan mako biyu amsa ta zo, layi ɗaya tak: an duba jerin kundayen kwalejin da sunan marubuci da kan aikin, ba a samu ba. Kwana biyu tana kewaye-kewaye, sai da Baba ya tsare ta da tambaya sannan ta faɗa.

Nan take ransa ya ɓaci.

“Babu? Da hannuna na kai shi! Ni da abokin karatuna Dogo muka kai namu rana ɗaya. Shekarar nan kwalin bango ya yi wuya, mai ɗinka littattafan kwalejin ya riƙa haɗa biyu-biyu a bango ɗaya. Na Dogo ya sa a gaba, wai ya fi nawa kauri. Har muka yi mako ba ma gaisawa.”

Auta ta ɗauka surutun tsufa ne. Washegari da ta hau yi wa Anti Shiru godiyar wahalar da ta sha, sai ta ba ta labarin don kawai a yi dariya. Matar ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

“A bango ɗaya?” ta faɗa da ƙarfi.

Tsofaffin jarida suka ɗago kai tare suka ce, “Shiru!” Da ma sun daɗe suna jiran wannan rana.

Anti Shiru ko kallonsu ba ta yi ba. “Ƙanwata, kin san yadda muke shigar da littafi? Mu buɗe bango, mu kwafe abin da ke shafin farko, mu rufe, mu ɗora a kanta. Wa zai zaci akwai wani a tsakiya? Ni ma da aka ba ni, haka zan yi. Maza ki tambayo min cikakken sunan Dogon nan da abin da ya rubuta a kai.”

Baba bai manta ba, har da sunan kakan Dogo ya haɗa, ya ce aikin a kan magudanar ruwan titi ne, kuma ba wani abin kirki a ciki. Aka cika sabon fom. A ƙasa Anti Shiru ta ƙara da roƙo cewa a taimaka a buɗe littafin a wuce tsakiya.

Wannan karon amsar doguwa ce. Wani ma'aikaci a can, wanda ba su san fuskarsa ba kuma ba za su taɓa sani ba, ya sauka ɗakin ajiya ya ciro kundin Dogo, ya yi ta buɗawa har ya ci karo da na Baba a bayan shafi na ɗari da goma. Ya ce sun gyara jerinsu, yanzu sunan Baba ya shiga. Ya ce a ƙa'ida irin wannan kwafi ɗaya tilo ba ya fita, hotonsa kawai ake turowa, amma ya karanta dalilin da aka rubuta, ya kai maganar gaban shugabarsu, ta amince. Sharaɗi ɗaya ne: a cikin ɗakin karatu za a duba shi, ba za a kai shi gida ba. Ya kuma haɗo da takardar neman izinin Baba, in ya yarda su ɗora aikin a intanet kowa ya karanta kyauta.

Auta ta karanta saƙon sau uku a tsaye, idonta ya cika. Mutumin da ba dangin iya ba na baba ya yi mata abin da ta rasa bakin roƙo.

Sai dai motar da ke zagaya ɗakunan karatu da kayan aro ba ta san da ciwon ido ba. Sai da ta yi mako uku a hanya, tana tsayawa nan tana tsayawa can. A cikin makonnin nan Baba ya daina gane fuskar Auta sai ta yi magana.

Ranar da littafin ya iso, biyu daga cikin tsofaffin jarida suka sauko suka riƙe Baba har sama. Anti Shiru ta share teburin da ke jikin taga, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta buɗe masa daidai shafin, ta miƙa masa gilashin ƙara girman rubutu. Baba ya sunkuya. Ya matso da littafin, ya janye shi, ya karkata kai ta gefen da ya fi dama.

“Fari kawai nake gani,” ya ce a hankali.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki za ta ce bari ta karanta masa, sai ta ga ya ajiye gilashin yana shafa takardar, ya juya shafi, ya shafa bayansa, ya tsaya. Ya sake shafawa.

“Auta, kawo hannunki.”

Ya kama yatsanta ya ɗora a bayan shafin. Ta ji ƙananan tudu-tudu a jere, layi bayan layi, wasu ma sun huda takardar.

“Mahaifiyarki ce, Allah ya jiƙanta. Ita ta buga min shi da tafireta ta aro. Haka take dukan haruffa kamar sun yi mata laifi. Na ce ta sassauta, ta ce in na iya in zo in buga da kaina.” Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. “Shafi tamanin da huɗu, da yatsa biyu.”

Auta ba ta da wayo sosai lokacin da mahaifiyarta ta rasu, hoto biyu kawai ta sani. Ta bar yatsanta a wurin, ta kasa ɗagawa. Sun fi sa'a guda a haka, shi yana juya shafi, su biyun suna shafawa, ba wanda ya karanta ko kalma ɗaya a kan rijiya.

Da Anti Shiru ta matso da takardar izinin, Baba ya ce a ɗora, duk mai haƙa rijiya ya amfana, a kuma gaya wa bawan Allahn nan na can ya gode, Allah ya saka masa da alheri. Sannan ya tambaya ko akwai wurin da ake rubuta wanda ya buga aiki.

Anti Shiru ta duba takardar sama da ƙasa. “Babu, Baba. Amma zan ja layi in rubuta, na san mutumin can zai karanta.”

Ta ɗauki biro ta dubi Auta. Auta ta share fuska da bakin mayafi, ta faɗi sunan mahaifiyarta a hankali, ta sake maimaitawa don kada a yi kuskure.