Hular Malam Misbahu

Shin wanda ya tuba yana da ikon binne abin da ya wuce, alhali akwai mutum da rai a cikin ramin? Ba wanda ya san amsar. Kamilu tela ma ya fi shekara talatin yana juya tambayar a shagonsa na unguwar Takur, bai samo bakin zaren ba.

Su biyar ne suka fara rawar burek a Dutse, shekarar da aka yi jiha. Malaminsu kaset ne na bidiyo da wani direba ya kawo daga Kano. 'Yan Kwali ake ce musu, don a kan kwalin firiji suke juyi, bayan sun goge shi da kyandir ya yi santsi. Ranar da kyandir ya ƙare, Misbahu, gwaninsu na juyi da ka, ya shafa wa kwalin man gyaɗa bai gaya wa kowa ba. Kamilu ya yi tsalle ya dira, ƙugu ya goce. Tun ranar yake ɗingishi.

Uku sun rasu. Misbahu ya zama malami a unguwar Limawa, ba a ƙara ganin kansa babu hula ba. Yanzu kuma dangin saurayin Fiddausi, 'yar Kamilu, sun zo bincike daga Ringim, aka ce musu ai katangar mutane Kamilu ya haura sata ya karye. Suka fara ja da baya.

Kamilu ya ja baffan saurayin, Alhaji Gaji, har zauren Misbahu bayan la'asar.

"Faɗa masa inda na karye," in ji Kamilu, ko gaisuwa babu.

"Ni ban san ka da wata rawa ba, bawan Allah."

"Bawan Allah? Yau ni ne bawan Allah, Ɗan-katantanwa? To cire hularka."

"Ba a tuɓe ni a zaurena."

"Akwai sanƙo a tsakar kansa, Alhaji, kamar kwabo. Kwali ne ya cinye gashin. Ba sujada ba ce, ita a goshi take fitowa."

"Abin da Allah ya rufa, kai ne za ka tona?"

"Naka ya rufa. Ni da sunan ɓarawo aka rufe ni, kana ji kana jan carbi."

Alhaji Gaji ya miƙe yana neman takalminsa. "Malam, maganarka za mu ɗauka. In ba ka san shi ba, shi ke nan, mun haƙura da auren."

Kamilu ya ji ƙugun yana zugi. Bai roƙa ba. Ya rantse tun tuni ba zai roƙi wannan mutum ko ruwan sha ba.

Misbahu ya dube shi da tsanar da ba ta ragu ba. Sannan ya sa hannu ya cire hular, ya sunkuyar da kai gaban baƙon.

"Man gyaɗa ne," ya ce. "Ni na shafa."