Na Kashe, Ci Gaba

Na gaji da koyar da aikin lantarki, amma ba wanda ya gajiyar da ni kamar Direba. Magidanci ne, ciwon baya ya raba shi da babbar mota, ya zo makarantarmu da furfura a gemu da yara a gida. Hannunsa ba laifi, in ya jera waya a bango sai ka ce guga ya yi mata. Ladabinsa ne ya zame mini ciwon kai.

Dokarmu ta farko ita ce, ko wa ya ce maka ya kashe wuta, sa testa ka gwada da kanka. A jarrabawar ƙarshe nakan tsaya bayan ɗalibi in ce na kashe, alhali ban kashe ba. Wutar batir ce a allon gwajin, ba ta kisa, ƙararrawa kawai take kaɗawa in an taɓa wayar. Sau biyu Direba yana kaɗa ta. In ya faɗi na uku, ba takardar shaida, sai gida.

"Me ya hana ka gwadawa?" na tambaye shi.

"Haba Malam, kana tsaye ka ce ka kashe, sai in bi bayanka da testa? Mantuwa ka yi, kowa yana yi."

Ni yake nema wa uzuri! Na ce masa a wurin aiki irin wannan kunyar makara take kai mutum. Ya ce to, kamar kullum.

Ranar jarrabawa ta uku ta zo. Ya tsaya gaban allon, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Na kashe, ci gaba."

Ya kai hannu aljihu, ya zaro testa. Saura in matsa masa lamba, haka tsarin yake, kuma na tsani wannan wurin.

"Au, maƙaryaci ka ɗauke ni?"

Hannunsa ya tsaya. Na kau da kai, ina roƙon Allah kar ya saurare ni.

"Ka gafarce ni, Malam," in ji shi. Ya ɗora testa a kan wayar. Ta kawo ja.

Ya daɗe yana kallonta.

"Ashe ba mantuwa ba ce."

"Ka ci," na ce.

Ya tattara filaya da sukundireba, ya yi godiya a tsaye. Da can sai ya durƙusa.