Littafin Suzune a Wutar Dondo

Tun da aka shiga sabuwar shekara gidan tsoho Kiyoji bai rabu da ƙurar kilinar goge fensir ba. Duk inda ka dafa a kan gajeren teburinsa mai lulluɓe da bargo, sai ka kwaso ta a tafin hannu. Jikarsa Suzune ce ke koyon rubutu, domin idan sanyi ya wuce itatuwa suka yi fure za ta shiga firamare, uwarta Hatsumi kuwa ta ce ba za a kai ta gaban malamai ba ta iya rubuta ko sunanta ba.

Littafin koyon da aka sayo mata mai kauri ne. Kowane shafi an yanka shi gida-gida, kowane gida an raba shi huɗu da ɗige-ɗige. A gidajen sama harafin yana nan dishi-dishi, bin sawunsa kawai za ka yi da fensir, ga 'yan kibiyoyi suna nuna maka inda za ka fara da inda za ka tsaya. A nan Suzune gwana ce. Amma da an gangaro ƙasa, inda gidajen suke fayau ba komai, sai fensirin ya juya mata baya. Harafin ƙarshe na sunanta, mai ɗan madauki a wutsiya, shi ne ya fi ba ta wuya. Wani ya fito kamar dodon koɗi, wani ya miƙa ƙafa gidan maƙwabci, wani kuma ta goge ta goge har takardar ta huje.

Wata rana da yamma ta yi jifa da fensirin, ya gangara ƙarƙashin kabad.

"Jiji, na daina," in ji ta. Haka take kiran kakan nata.

Kiyoji yana ɓare lemo, bai ko ɗago ba. "Kin daina me?"

"Rubutu. Idan na girma kifi zan sayar."

"Mai sayar da kifi ma yana rubuta sunan kifinsa a ɗan allo, Suzu-chan."

"Ni baki zan buɗe in faɗa."

Nan ya ajiye lemon. Ya san halinta. Tun tana shekara uku ta ce ta daina cin karas, har yau ba wanda ya ga karas ya wuce maƙogwaronta. Sai ya tuna mata da wutar dondo da za a hura ranar Lahadi a gonar shinkafar bakin rafi, inda kowa ke kai kayan adon sabuwar shekara a ƙona, yara kuma su jefa rubutunsu. Wanda takardarsa ta tashi sama da wutar, hannunsa ya gyaru ke nan.

"In tawa ba ta tashi ba fa?"

"Za ta tashi."

"In ba ta tashi ba, na daina har abada."

"Na ce miki za ta tashi. Na taɓa yi miki ƙarya?"

Daga kicin Hatsumi ta leƙo. "Baba, kun dai ji abin da kuka ɗauko wa kanku."

Kiyoji bai damu ba, don ya san dabarar tun yana ɗan yaro. Ya nemo takarda shara-shara wadda ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta motsa. Ya dama tawada, ya riƙe hannun yarinyar da buroshi a ciki, suka ja sunanta manya-manya tare. Ya shanya takardar kusa da murhun kananzir har ta bushe ƙayau. Abin da ya rage, a soke ta a kan dogon gora, a miƙa ta saman harshen wuta lokacin da zafi ya fi ƙarfi. Ko ba ta so sai ta tashi.

Ranar Lahadi da hantsi suka fita, sanyi yana cizon kunne. An kafa gora an jingina bambaro, tulin ya fi rufin gida tsawo, 'yan kwana-kwanan ƙauye suna tsaye gefe da bokitai. Kowa yana riƙe da doguwar sanda da curin dango na garin shinkafa a tsire a kanta, wanda za a gasa idan wuta ta lafa, a ci don a wuce shekara ba mura. Tsuneo, maƙwabcin Kiyoji tun suna 'yan firamare, ya riga su isa, hularsa har kan gira.

"Kiyo, ka fito? Na zaci gwiwar nan ta hana ka."

"Gwiwata ta fi haƙoranka ƙwari. Wa zai tauna maka dangon?"

Aka cinna wuta. Gora ya fara fashewa, tau, tau, yara suna toshe kunne suna ihu. Takardar jikan Tsuneo ta tashi ta wuce kan mutane, aka yi tafi, Tsuneo ya dubi Kiyoji ya gyara hula.

Kiyoji ya sunkuya. "To Suzu-chan, kawo takardar."

Ta zuge rigar sanyinta ta zaro littafin koyon gaba ɗayansa, da bangonsa da komai.

Kiyoji ya zuba wa littafin ido. "Ina wadda muka yi da buroshi?"

"Tana gida, na manna ta a bango."

"A bango?"

"Ai ta yi kyau, Jiji. Me zai sa in ƙona mai kyau? Munanan ne suke son gyara."

Kafin ya haɗa amsa ta ruga gaba, ta ɗaga littafin da hannu biyu ta wurga. Ya faɗa gindin wutar, tim, kamar an yar da bulo. Ya kwanta nan a rufe. Gefensa ya yi baƙi, hayaƙi yana fita ta haƙarƙarinsa, amma ko motsi bai yi ba.

Tsuneo ya ƙyalƙyale da dariya. "Kiyo, wannan sai dai a kira motar ɗaukar kaya!" Sai ya ga fuskar yarinyar, ya haɗiye sauran dariyar ya koma tari.

Suzune ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Kiyoji hankali. Ta tura hannuwa cikin aljihu, ta turo baki, ta tsaya tana kallon littafin.

"Bai tashi ba," in ji ta.

"Tukuna dai. Mai nauyi ba ya tashi da wuri. Dubi Tsuneo-san da safe."

Ba ta yi dariya ba.

Kiyoji ya dubi littafin, ya dubi sandar da ke hannunsa, da dangonsa farare tas waɗanda Hatsumi ta cura tun asuba. Ya matsa gaba, ya ƙara matsawa, har zafi ya fara gasa masa fuska.

"Kiyoji-san, ku ja baya!" in ji wani saurayi cikin 'yan kwana-kwana.

"Dango nake gasawa, yaro."

"Ai wutar ba ta lafa ba!"

"Ni da ƙauri nake so."

Ya zura sandar, dango da komai, ƙarƙashin bangon littafin. Sau ɗaya ta zame. Ya sake, gwiwarsa tana ƙara, ya cusa curin dangon tsakanin shafuka ya murɗa, ya ɗaga. Littafin ya buɗe baki. Iska mai zafi ta shige ciki, zaren ɗinkin ya cinye, sai ga shafi ɗaya ya miƙe tsaye, ya yi rawa, ya tashi. Wani ya bi shi. Daga nan kuma sai suka ɓalle gaba ɗaya kamar an kori tsuntsaye daga gona, baƙaƙe masu jan baki, suna juyi suna hawa, har suka wuce kan gora, suka wuce wayar lantarki, wasu suka nufi ƙetaren rafi. Mutane suka ɗaga kai suna ta "Kai! Kai!"

"Nawa ne!" Suzune tana tsalle tana jan rigar duk wanda ke kusa. "Duka nawa ne! Ga dodon koɗina can!"

Kiyoji ya janyo sandarsa. Babu dango ko ɗaya, sai wani baƙin abu mai hayaƙi a ƙarshenta. Tsuneo ya matso ya ƙare masa kallo.

"Kiyo, girarka ta hagu ma ta tashi. Bana ita ma za ta iya rubutu."

Tsuneo ya ciro ɗaya daga cikin nasa dangon ya miƙa masa. "Karɓi, kada mura ta kashe ka in rasa abokin faɗa."

A hanyar gida Suzune ba ta bar shi ya bi ta gada ba, ta ja hannunsa ta wajen kantin litattafai. Ta zaɓi irin wancan littafin sak, mai gidaje da kibiyoyi. Suna shiga gida, ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta kwanta rub da ciki ta laluɓo fensirin daga ƙarƙashin kabad. Ta bi na dishi-dishin, ta gangaro gidan da ba komai, ta ciji harshe, ta ja harafin mai madauki.

Ya fito a karkace, wutsiyarsa ta ɗan leƙa waje.

Kiyoji ya shafa inda girarsa take a da. Hatsumi ma ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu.

Suzune ta karkata kai ta dube shi da kyau.

"Ya fara gyaruwa," in ji ta. "Ai da yawa suka tashi, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ta matsa gida na gaba. "Jiji, gusa mini, kana tare haske."